Jikan Baba Mai Nauyin Buhu Talatin da Huɗu

Baba ya yi aikinsa a sashen gona na ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, kuma rabin aikin nan awo ne: awon ruwan sama, awon iri, awon taki, awon gyaɗa a kan sikeli. Da ya bar aiki bai bar jan biro ba. Kullum yana maƙale a aljihun gaban rigarsa. Katin ɗaurin aure idan ya shigo gidanmu na Babura, kafin a karanta wa Inna ranar biki Baba ya riga ya gyara wuri biyu ko uku a jiki. Ba faɗa yake yi ba, ba ya ma ɗaga murya. Kawai dai ba ya iya ganin kuskure a rubuce ya wuce shi.

Ni ce babbar 'yarsa. Ina koyar da Hausa a wata firamare a Roni, muna zaune a Kazaure da maigidana. Ƙanwata mai bi mini tana aure a Nijar, a wani gari da ba shi da nisa da iyaka. Mijinta malamin dabbobi ne, ɗan Damagaram, aiki ne ya kawo shi can. Mutum ne mai kunya ƙwarai. In ya zo gaida Baba, tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya tsuguna, kuma ban taɓa jin ya faɗi abin da ya wuce "To, Baba" da "Allah ya ƙara girma" ba. Shi ma Baba ba ya kallon fuskarsa. Ya kan kalli gefen tabarma ya tambayi damina, ya tambayi dabbobi, shi ke nan an gama hira.

'Ya'yan ƙanwata biyu na farko mata ne, kuma a ɗakin Inna ta haife su. A ciki na uku ta ce ta girma da zuwa wankan gida, a ɗakinta za ta haihu. Haihuwar ta zo a wani ƙarshen mako da na je Babura. Da safe mijin ya kira ya sanar, Inna ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fara shigowa barka. Jim kaɗan sai ga hoton jaririn ya shigo wayar Baba, sabuwar wayar da muka saya masa da sallah, da ɗan rubutu a ƙarƙashi.

Ina tsakar gida ina zuba wa mata kunu na ji Baba yana kirana daga zaure. Na same shi da tabarau a kan hanci, ya miƙe hannu da wayar nesa da fuskarsa.

"Zo ki karanta min wannan. Ko idona ne."

Na karɓa. Rubutun ya ce: "Namiji. 3,450 kg. Uwa da ɗa suna lafiya."

"Karanta lambar da ƙarfi," in ji Baba.

"Dubu uku da ɗari huɗu da hamsin."

"Na me?"

"Kilo." Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa.

"Buhun gero kilo ɗari ne," in ji Baba a nitse. "Raba."

"Talatin da huɗu da rabi."

"To. Ƙanwarki ta haifi buhu talatin da huɗu da rabi."

Ban san Inna ta biyo ni ba sai da na ji ta a bayana. Inna ba ta yi boko ba, amma buhun gero ta san shi. Ta dafa bango, ta fara dariya marar sauti, kafaɗunta kawai ke rawa, sannan ta juya cikin gida da gudu-gudu tana kiran matan da ke zaune su zo su ji. Da yake jikanta ne namiji, mijinta ne na wasa, sai ta samu abin yi. Ta ce ita ta fasa auren, ba za ta iya da mijin da ya fi rumbu nauyi ba, wa zai ciyar da shi. Ta ce a aika wa uwar kar ta wahalar da zani, a nemo a-kori-kura a riƙa goya shi a ciki. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu da kunnenta ya yi nauyi ta tsinci rabin zancen, ta dafe ƙirji ta tambaya da gaske, "Kuma da kanta ta haihu?" Nan fa mata suka zube. Wata ta kifar da kofin kununta a kan zanin wata, babu wadda ta kula. Kafin azahar labarin ya kai bakin kasuwa. Mai kayan miya da nake saya a wurinsa tun ina yarinya ya ce min ya ji an yi mana ƙaruwa, in za a kawo yaron gida a faɗa masa ya janye rumfarsa daga hanya.

Baba kuwa bai yi dariya ba, tunani yake yi. Da la'asar ya sake kirana ya ce ya gano matsalar.

"Lambar daidai take. Giram dubu uku da ɗari huɗu da hamsin, nauyin jariri lafiyayye ke nan. Harafin nan na farko ne ya yi yawa. Giram ya so rubutawa ya rubuta kilo."

Ya zaro jan bironsa, ya kai bakinsa daidai kan harafin a fuskar wayar, ya tsaya. Babu yadda zai yi. Na ga hannunsa yana shawagi a wurin kamar mai korar ƙuda, sannan ya mayar da biron aljihu.

"Mutum mai ba dabbobi magani," in ji shi a hankali. "In ya haɗa kilo da giram a kan saniyar wani fa?"

"Sai ka faɗa masa, Baba."

Ya dube ni kamar na ce ya je ya yi rawa a kasuwa. "Ni in gyara wa surukina? Ke za ki faɗa masa."

Na ce ni ma ba zan iya ba. Na kira ƙanwata in tambaye ta, ta ce ita ba ta ga wani rubutu ba, abin da aka faɗa mata a asibiti shi ne kilo uku da kusan rabi, mu ƙyale ta ta yi barci.

Ranar kasuwa Baba ya fita ya dawo da ɗan dako ɗauke da huhun goro, babba, an naɗe shi da ganye an ɗaure da igiya. Ya ce goron suna a wuyansa yake, jika namiji na farko ba wasa ba ne. Guda dubu cif ya sa aka ƙirga masa. Sannan ya zauna da wayarsa, ya ce min wata dabara ta zo masa.

"Ba gyara zan yi masa ba. Misali zan nuna masa. In ya ga yadda ake rubuta dubu, mai hankali ne, zai gane."

Ya daɗe yana neman inda waƙafi yake a wayar, bai yarda na taya shi ba. Da ya gama ya nuna min: "Goron suna yana wuyana. Zan zo da 1,000." Ya tura. Amsa ta ɗan jima kafin ta zo, kuma da ta zo ba ta da tsawo: "To, Baba. Allah ya ƙara girma, Allah ya saka da alheri." Baba ya gyaɗa kai, ya ce saƙo ya isa.

Ana gobe suna muka yi shatar mota, lokacin iyaka a buɗe take. Baba yana gaba, ni da Inna muna baya da kayan barka har kan cinya: yajin jego, turamen atamfa, sabulai, kayan jariri. Huhun goron yana but ɗin bayan mota, kuma sau biyu Baba ya sa direba ya tsaya a yayyafa masa ruwa. Inna tana ta tsara abin da za ta faɗa wa angonta in sun haɗu. Ta ce za ta fara da tambayarsa ko ƙasa ta tsage da ya faɗo.

Da muka isa, mijin ƙanwata ya fito da sauri ya tsuguna a gefen mota tun Baba bai sauko ba. Ana cikin gaisuwa direba ya buɗe but, ya kira wani ya kama masa, suka sauke huhun da nishi suka dire a ƙofar gida. Na ga mijin ƙanwata ya kalli huhun, ya kalli ƙasa, ya sake kallon huhun. Aka yi wa Baba iso zuwa zaure. A kusurwar zauren, an jingine da bango, ga wani huhun goro nan, girmansa ɗaya da namu, har igiyar iri ɗaya.

Baba ya tsaya ya dube shi. Surukinsa ya dubi yatsun ƙafarsa. Can Baba ya zauna a kan tabarma ya ce, "Yaya damina?"

"Alhamdulillahi, Baba."

A ciki na samu ƙanwata a bakin gado, ta sha wankan ganye tana ta sheƙi. Inna ta karɓi jaririn, ta yi kamar hannunta zai karye, ta ce a taimake ta da mutum huɗu. Ƙanwata ba ta gane ba sai da na ba ta labari tun daga farko. Tana cikin dariya sai mijinta ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya kira ta gefe, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ta dawo tana riƙe da ciki, hawaye na zuba. Da kyar ta haɗa min zancen.

Ashe su a can, in sun rubuta ɗaya suka sa waƙafi suka jera sifiri uku, ɗaya suke nufi, ɗaya tak. Abin da ya biyo bayan waƙafi gutsure ne. Shi ya sa 3,450 a wurinsa kilo uku ne da kusan rabi, babu kuskure ko kaɗan. Da saƙon Baba ya iso, mutumin nan ya karanta cewa surukinsa zai zo da goro ɗaya. Ya juya abin a ransa, ya ce ko al'adarmu ce kaka ya kawo ƙwaya ɗaya ta albarka. Ya kai wa baffansa, tsohon malamin makaranta, shi kuma ya duba ya ce a'a, kilo ɗaya ake nufi, an manta ne ba a sa ma'auni ba. Ko ɗaya ko kilo ɗaya, ba zai ishi taron suna ba, kuma ba zai iya tambayar Baba ba. Sai ya je ya sayo nasa a ɓoye.

"Me ya sa bai nuna miki saƙon ba?" na tambaye ta.

"Wai kar in ji kunya." Ta share ido da gefen zani. "Wai kar in ga babana ya yi rowa raina ya ɓaci ina jego. Yaya, don Allah ki daina, cikina ciwo yake."

Ni ban ma ce komai ba, fuskata kawai take kallo. Inna kuwa ta kwantar da jaririn ta fita tsakar gida, don ta ce in ta zauna a ɗakin za ta shiɗe.

Washegari da sassafe maza suka taru a ƙofar gida. Muna ciki muka ji an yi shiru, aka yi addu'a, sannan muryar sanƙira ta tashi yana faɗin sunan. Sunan Baba ne. Ba a faɗa wa kowa a cikinmu ba, har ƙanwata ta iya riƙe bakinta. Inna da ke shirin wata tsokanar ta tsaya da baki buɗe, ta ce yanzu kuma ya zama maigida biyu, babu damar zagi. Da Baba ya shigo ganin takwaransa idanunsa sun yi ja. Ya ce hayaƙin masu girki ne. Ya karɓi yaron ya riƙe shi ya daɗe, yana motsa baki, babu wanda ya ji abin da yake cewa.

Goro kuwa ranar an ga rabo. Abin da aka saba a miƙa wa mutum ƙwaya biyu ko uku, sai ga shi ana dumbuzawa da hannu biyu. Mutane suka cika aljihu, wasu suka cire hula suka tara. Wani mai wucewa a kan jaki da bai san ma me ake yi ba, aka tsayar da shi aka cika masa gaban riga. Duk wanda ya yi maka murmushi a unguwar nan haƙoransa ja ne. Duk da haka huhu ɗaya ko kwance shi ba a yi ba.

Da hantsi ya yi, taro ya watse, aka bar Baba da mutum biyu a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida. Ɗaya limamin da ya raɗa suna ne, dattijo mai ƙarancin magana. Ɗayan shi ne baffan nan, dogo siriri, kowa yana ce masa Mushe, yadda suke kiran malamin makarantar boko a can. An aike ni in kai musu fura. Na durƙusa na ajiye zan tashi, sai na ji Mushe ya gyara murya.

"Alhaji, ina da tambaya, Allah ya sa ba za ta zama rashin ladabi ba. Me ya sa ka rubuta ɗaya ka kawo dubu?"

"Ni ma ina da tawa, Malam," in ji Baba. "Me ya sa kuka haifi kilo uku kuka rubuta dubu uku?"

Lokaci ɗaya kowannensu ya kai hannu aljihun gaba, lokaci ɗaya kowanne ya zaro biro. Duka biyun ja ne. Suka kalli hannun juna. Babu takarda a kusa, sai suka mayar, Mushe ya karyi tsinke ya share ƙasa da tafin hannu. Baba ya ce min in zauna, za a buƙaci shaida. Na rakuɓe a gefen tabarma.

Mushe ya rubuta 3,450 a ƙasa. Ya nuna waƙafin da tsinke ya ce su birgil suke ce masa, kuma aikinsa raba cikakke da gutsure. "Kilo uku cikakku, ga ɗoriya a baya."

"To in za ku rubuta dubu fa?"

Mushe ya rubuta 1.000.

"Wannan ai ɗaya ne," in ji Baba.

"Dubu ne."

"Na yi shekaru ina auna ruwan sama da ɗigon nan. Ɗaya ne."

"Ni ma na yi shekaru ina dukan yara a kansa. Dubu ne. Wanda ba ya son ɗigon kuma ya bar fili." Ya rubuta 1 000, da ɗan sarari a tsakani.

Baba ya sunkuya ya leƙa sararin. "Ku bar fili haka a buɗe? In wani ya zo ya cusa tara a ciki fa?"

"Ba mu da irin waɗannan mutanen," in ji Mushe, fuskarsa a ɗaure, amma gemunsa na rawa.

Baba ya jingina da bishiya ya ce, "Wato inda muka sa ɗigo kun sa waƙafi, inda muka sa waƙafi kun sa ɗigo. Da gangan kuka yi?"

"Tambayar da na yi niyyar yi maka ke nan."

Sai suka juyo kaina. Baba ya ce ga malamar Hausa nan, aikinta ke nan, ta faɗa musu mene ne amfanin waƙafi a rubutu. Na ce waƙafi ɗan dakatawa ne, a numfasa a ci gaba. Aya fa? Na ce aya tsayawa ce, magana ta ƙare.

"Madalla," in ji Mushe. "Kilo uku da ɗoriya, magana ba ta ƙare ba. An numfasa ne za a ci gaba. Waƙafi ke nan. 'Yarka ta ba ni gaskiya."

"Ba ta ba ka ba. Cikakkun kilo sun ƙare, an tsaya, abin da ya biyo baya ɓarɓashi ne. Aya ke nan. Dubu kuwa doguwar tafiya ce, mai karatu yana buƙatar numfashi a hanya. Faɗa masa."

Ɗaya ubana ne, ɗaya surukin ƙanwata, kuma a ƙofar gidansa nake zaune. Na ce ni a ganina dukansu sun ci jarrabawa. Baba ya ce shi ya sa yaran yanzu ba su iya komai ba, malamai sun daina kayar da kowa. Mushe ya ce a nan kam sun yi tarayya, ya miƙa masa hannu suka tafa.

Duk wannan abin Liman yana gefe yana tauna goro. Sai ya miƙa hannu a ba shi tsinken. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a ƙasa.

"A lambobin da ke cikin littattafanmu," in ji shi, "wannan sifiri ne." Ya zana 'yar da'ira a gefe. "Wannan kuma da kuke ce wa sifiri, biyar ne."

Ya matsa kan 1.000 ɗin da Mushe ya rubuta, ya bi shi da tsinke ɗaya bayan ɗaya. "Ɗaya, sifiri, biyar, biyar, biyar. Dubu goma da ɗari biyar da hamsin da biyar." Ya ɗago ya dubi Mushe. "Kai ka rubuta da hannunka. Ina sauran goron?"

Na taso a gidan Baba, na yi aure, na haihu, ban taɓa ganin ya yi irin dariyar da ya yi ranar ba. Ya kwanta da gefe a kan tabarma, hularsa ta gangara cikin ƙasa. Mushe yana bubbuga gwiwa yana tari. Liman ya mayar da goronsa baki kamar ba shi ya yi magana ba. Mijin ƙanwata yana tahowa da butar shayi ya tarar da surukinsa a haka. Ya tsaya cak, bai san ko ya halatta ya gani ba, sai ya juya ya shige bayan katanga. Daga inda nake ina hango kafaɗarsa tana rawa, shayi na zuba a ƙasa.

Da Baba ya dawo hayyacinsa ya kaɗe hula ya sa, ya aika a kira surukinsa. Ya zo ya tsuguna nesa.

"Na zo da niyyar a gyara maka wani abu," in ji Baba, yana kallon gefen tabarma. "Ashe babu abin gyarawa. Amma nan gaba in za ka rubuto min lamba, rubuta ta da kalmomi. Ni ma haka zan yi."

"To, Baba." Sannan, abin da bai taɓa yi ba, ya ƙara da wata magana. "Baba, goron nan fa, yaya za a yi da shi?"

Inna ce ta ɗauki nauyin wannan. Aka raba huhun da ya rage biyu, muka dawo da rabi. Goro ba ya jira, don haka tun a mota ta fara rabo. Direba ya samu, masu sayar da rake a bakin hanya suka samu, duk wanda motar ta tsaya kusa da shi ya samu. A Babura ta aika gida-gida. Ni ta cika min leda biyu, ɗaya ta dangin maigidana a Kazaure, ɗaya ta malaman makarantarmu. Matsalar ita ce goro ba ya zuwa haka kawai, duk wanda ka miƙa wa sai ya tambayi na mene ne. A ofishin malamai na ba da labarin har muryata ta dishe, kuma malamin lissafi ya ƙi yarda sai da ya bincika a wayarsa, ya dawo yana cewa ashe ƙasashe da yawa haka suke yi, ba Nijar kaɗai ba.

Wata gwaggonmu da ke Gwiwa aka kai mata nata ba tare da bayani ba, don wanda aka aika ya manta. Ta ga goro mai yawa haka, ta yanke wa kanta hukunci. Ranar Juma'a sai ga ta a Babura a bayan ɗan acaɓa, ta sha lalle da sabon leshi, da kwalla a ɗaure a baya, tana faɗa tun daga zaure wai za a aurar da yarinya a gidan ɗan'uwanta sai dai ta ji a goro. Inna ta zaunar da ita ta ba ta ruwa, ta tambaye ta wace yarinyar, tunda duk mun ƙare. Gwaggo ta ƙirga mu da yatsu, ta ga haka ne. Ta ce to tunda ta riga ta yi lalle ba za ta koma ba, ta yi mako guda.

Bayan an gama girbi Mushe ya kawo wa Baba ziyara. Ya kira ya ce zai iso ƙarfe sha biyar, Baba ya ce agogonsa a sha biyu ya tsaya, in yana son a tare shi ya zo ƙarfe uku kamar kowa. Ina gida ranar. Tun azahar Baba ya sa aka share ƙofar gida aka shimfiɗa tabarma, ya fita ya dawo ya fi a ƙirga. Mushe ya sauka daga babur da zabi biyu a hannu, ƙafafunsu a ɗaure. Ko gaisuwa ba su gama ba na ji Baba yana tambayarsa me ya sa lamba ɗaya a rubutunsu take da dogon baki kamar bakwai, Mushe yana cewa shi ya sa suke yi wa bakwai ɗamara a tsakiya, ku ne kuke barin taku tsirara. Inna ta leƙa ta dawo ta ce in ƙara shinkafa, kuma in gyara ɗakin baƙi, mutumin nan ba yau zai tafi ba.